Gwajin ƙasar gona da hasken eksire: na'urar hannu, ɗakin gwaji ko sinkurotiron?

Ruwan da ke fita daga masana'antun jima na Kano ba ya tsayawa a birni. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, ya gangara har dam ɗin Wasai a wajen Minjibir, kuma duk tsawon hanyar akwai masu noman rani da ke jan sa da inji suna shayar da latas da alayyahu da kabeji. Na Challawa da Sharada kuwa kogin Challawa yake shiga, wanda ke haɗuwa da kogin Kano ya wuce ta Wudil ya nufi Ringim da Haɗejiya. Shi ya sa kusan duk shekara sai ka ga ɗaliban kimiyyar ƙasa da na sinadarai a Bayero da Wudil da Dutse da Kafin Hausa sun ɗauki batun ƙarafa masu guba a ƙasar noma a matsayin aikin digiri.

Su waɗannan ɗalibai, da shugabannin ƙungiyoyin manoma da suka samu ɗan tallafi, da masu sayen duwatsun ma'adinai a wajen Riruwai, zaɓi iri ɗaya ne ke gabansu. Ko dai a nemo na'urar hannu a je da ita gona, ko a ɗebo ƙasa a kai ɗakin gwaji a Kano ko Zariya ko Kaduna, ko kuma, ga wanda ya sha karanta muƙalun ƙasashen waje ya ga sunan yana ta maimaituwa, a fara tunanin kai samfur sinkurotiron, wato ƙaton inji mai siffar zobe da ke samar da hasken eksire mai tsananin ƙarfi. Ɗalibi yakan ce, "Malam, ai na ƙarshen ne babba, ko?" Babba ne kam. Amma tambayar da yake amsawa daban take da wadda yawancinmu muke ɗauke da ita, kuma wanda bai tantance tambayarsa ba zai kashe kuɗi da shekara guda a kan amsar da ba ta da amfani gare shi.

Ga abin da ke faruwa a cikin na'urar, a taƙaice. Kowace ƙwayar zarra tana da ilektironi da ke zaune hawa-hawa kewaye da cibiyarta. Idan hasken eksire mai isasshen ƙarfi ya bugi zarrar, yakan fizge ilektiron guda daga hawa na can ciki. Gurbin ba ya daɗewa, wani daga hawa na sama zai faɗo ya cike shi, kuma a faɗowar sai ya saki ragowar ƙarfinsa a matsayin sabon hasken eksire. Wannan haske na biyu shi ake aunawa, shi ne ƙyallin eksire da ake rubutawa XRF a takardun ɗakin gwaji. Ƙarfinsa ya dogara da yawan furotonin da ke cibiyar zarrar, abin da Henry Moseley ya tabbatar a Ingila a 1913, shekara biyu kafin a kashe shi a yaƙin duniya na farko. Ana auna shi da kilo-ilektironbolt, keV a rubuce: kuromiyam na ƙyalli a 5.41, ƙarfe a 6.40, jan ƙarfe a 8.05, tutiya a 8.64, dalma a 10.55 da kuma 12.61. Wurin da tsini ya fito a zanen shi ke faɗa maka sunan sinadarin, tsawon tsinin kuma ya faɗa maka yawansa.

Na'urar hannu tana ɗauke da ƙaramin bututun eksire mai aiki da bolt dubu 40 zuwa 50, da batirin da ake caji. Ka ɗora bakinta a kan ƙasa ko dutse, ka danna, cikin minti ɗaya ko biyu jerin sinadarai ya fito a allo. Ba asid, ba jiran a kawo wuta, samfurin ma yana nan yadda yake.

Wanda ke shakkar amfaninta ya tuna Zamfara. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, saboda ana niƙa dutsen zinariya mai cike da dalma a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. Masu aikin tsabtace ƙauyukan da na'urar hannu suka riƙa bi gida-gida, tsakar gida da ɗaki da wurin niƙa, suna auna inda za a kankare ƙasa a kwashe, sannan su sake aunawa bayan an kwashe. A wasu wuraren dalmar ta haura miligiram 100,000 a kilo guda na ƙasa, alhali ma'aunin da hukumar kare muhalli ta Amurka ke aiki da shi a lokacin ga wurin wasan yara 400 ne. Da a ce kowane awo sai an aika ƙasar waje an jira sakamako, da aikin bai yiwu ba.

Nan ne ƙarfinta yake: yawan awo. Guba ba ta bazuwa daidai-wa-daida a gona. Bakin hanyar da ruwa ke shigowa daban, tsakiyar fangali daban, kusurwar da aka jibge sharar birni a matsayin taki daban. Awo ɗari masu ɗan kuskure sun fi nuna maka halin gona a kan awo biyar da aka yi daidai ƙwarai amma aka ɗebo su daga inda ƙafa ta fi saurin kaiwa. Haka ga mai sayen dutse a Riruwai: kuza da nayobiyam da tutiya sinadarai ne masu nauyi, na'urar na ganinsu sarai, kuma a gaban mai kaya za a auna. Har kwallin da ake sa wa jarirai, idan na dutsen dalma ne, nan take za ta faɗa. Ba ƙaramin abu ba ne wannan: hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da ya kamu da gubar dalma a 2011 daga kwallin da aka kai daga Najeriya, da aka auna aka tarar kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce.

To, sai inda take da makanta, kuma a nan masu tallarta ba su cika son daɗewa ba.

Sinadarai marasa nauyi ba ta ganinsu. Ƙyallinsu ba shi da ƙarfi, iskar da ke tsakanin samfur da idon na'urar ma ta isa ta shanye shi. Daga maganiziyam zuwa sama ne take fara gani, shi ma da ƙyar. Ba ta ganin naitirojin, ba ta ganin kabon, ba ta ganin sodiyam ɗin da ke cikin kanwa ko a ƙasar da gishiri ya fara ci a filayen ban ruwa. Ba ta ganin litiyam, don haka duk wanda ya ce maka ya auna litiyam a dutsenka da wannan na'ura kai tsaye, riƙe kuɗinka. Zinariya a cikin dutse ma ba abin dogaro ba ce, domin giram kaɗan ne a tan guda, kuma tsininta na kusa da na tutiya.

Manomin da tambayarsa ita ce wane taki zai sa wa shinkafarsa a Kura ko Auyo, wannan na'ura ba tasa ba ce. Ko fosfaras da fotashiyam da take iya gani, jimillarsu take faɗa, har da wanda ke ɗaure cikin ƙwayar yashi da saiwa ba za ta taɓa sha ba. Abin da manomi ke bukata shi ne wanda shuka ke iya ɗauka, kuma wannan sai gwajin jiƙa ƙasa da ake yi a ɗakin gwajin ƙasa na tsangayar aikin gona.

Sai danshi. Ruwa na shanye ƙyallin, ya sa lamba ta fito ƙasa da gaskiya, kuma ƙa'idar da hukumar muhalli ta Amurka ta shimfiɗa wa wannan gwaji, mai lamba 6200, ta nuna cewa idan danshi ya wuce kashi 20 cikin ɗari matsala ta fara. Fadama a tsakiyar noman rani kuwa ai jiƙe take. Maganin shi ne a ɗebo, a shanya a inuwa, a daka, a tankaɗe da rariya mai ramin kwatan milimita, a zuba a leda marar kauri, sannan a auna. Hasken ba ya shiga can ciki, 'yan milimita ne ko ƙasa da haka, don haka ɓurɓushin tsakuwa guda a bakin na'urar ya isa ya karkatar da sakamako.

Akwai kuma tsinin da ke hawa kan juna. Asenik, wani sinadari mai guba, na ƙyalli a 10.54, dalma a 10.55. Idan dalma ta yi yawa, asenik ya ɓuya a bayanta, na'urar sai lissafi take yi ta cire wannan daga wancan. Ƙasar da ƙarfe ya yi mata yawa, irin jar ƙasar marmara, takan dagula awon kuromiyam. Wanda bai san haka ba zai kwafe lambobin allo ya sa a babi na huɗu na kundin digirinsa.

Babbar iyakarta dai ita ce ƙanƙantar abin da take iya hange. A ƙasa, dalma da asenik sai sun kai 'yan miligiram a kilo kafin ta gan su. Iyakar da hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta sa wa asenik marar kabon a gyararriyar shinkafa kuwa 0.2 ce, ta dalma a ganyayen miya 0.3. Wato idan ka ɗora ta a kan shinkafar Haɗejiya ko alayyahun Jakara ta ce ba ta ga komai ba, ba ta wanke abincin ba, idonta ne bai kai ba. Wannan kuskure ne da nake yawan gani a ayyukan ɗalibai, kuma ya fi sauran haɗari domin yana kwantar wa mutane hankali a inda bai kamata ba.

Kuɗinta: sabuwa takan haura dala dubu ashirin, don haka ga ɗalibi maganar haya ce ko aro daga wani sashe. Eksire take fitarwa na gaske, ba a riƙe samfur a hannu ana dannawa, ba a nuna ta ga mutum, kuma mallakarta na ƙarƙashin izinin hukumar NNRA mai kula da harkar nukiliya a Najeriya.

Ɗakin gwaji ba abu guda ba ne. Akwai babbar na'urar XRF ta kan tebur, wadda ake matse garin ƙasa ya zama ƙwaya ko a narke shi ya zama gilashi kafin a auna, wasu kuma suna zuƙe iska don su ga sodiyam da alminiyam. Ga duwatsu da yumɓu da ma'adinai ita ce daidai, kuma ɗakunan binciken hukumar nazarin ƙasa da ke Kaduna irin aikinsu ke nan. Akwai hanyoyin da ba na eksire ba, AAS da ICP, inda ake narkar da samfur da asid. AAS ita ta fi yawa a jami'o'inmu, sinadari ɗaya take aunawa a lokaci guda. Nau'in ICP mai auna nauyin zarra kuwa yana gangarawa har maikurogiram a kilo, shi ne na shinkafa da ganye da ruwan rijiya.

Mutane da yawa ba su san cewa a Zariya akwai tukunyar nukiliya ta bincike ba. NIRR-1 sunanta, tana cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello, ta fara aiki a 2004, aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyam marar ƙarfi a 2018. Ana jefa wa samfur niyutironi, sannan a auna hasken gamma da yake fitarwa. Tana da kyau ƙwarai ga asenik da kuromiyam, ba ta bukatar narkarwa, amma dalma ba ta amsa mata yadda ya kamata. A Ile-Ife kuma cibiyar CERD na da injin harba furotoni da ke tayar da ƙyallin eksire ta wata hanyar.

Matsalar ɗakin gwaji a wurinmu yawanci ba ta na'ura ba ce, ta tsari ce. Kuɗi ake biya a kan kowane samfur, wani wurin a kan kowane sinadari, sai ɗalibi ya rage samfurinsa daga sittin zuwa goma sha biyu. Wuta na ɗaukewa, gas na ƙarewa, fitilar wani sinadari ta mutu ana jiran oda. Tambaya biyu nake cewa a yi kafin a biya ko sisi: shin kuna haɗa kwalbar da ba komai cikinta sai asid don a ga ko kayan aikin ne ke ƙara guba, kuma shin kuna auna ƙasar shaida, wadda aka riga aka san abin da ke cikinta, irin ta hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, mai lamba 2711a da dalmarta ke wajen miligiram 1,400 a kilo? Idan mai kula da wurin ya yi ta kame-kame, a gaishe shi a nemi wani wurin. A kuma sani cewa narkarwa da asid ba ta cika fitar da komai ba, musamman kuromiyam, don haka lambar XRF takan ɗara ta AAS ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba.

Haɗa biyun shi ne abin da nake ba da shawara ga mafi yawan ayyuka. Na'urar hannu ta zagaye filin ta nuna inda abin ya taru, ɗakin gwaji ya tabbatar. Ƙa'idar 6200 ta ce aƙalla ɗaya cikin kowane samfur ashirin a kai shi tabbatarwa. Ni nakan ce a zaɓo daga mai yawa da matsakaici da marar yawa, don a ga ko lambobin na'urar da na ɗakin gwaji na tafiya tare.

Yanzu sinkurotiron. Zobe ne babba, bututu da aka zuƙe iskarsa, inda ilektironi ke gudu kusa da saurin haske, maganaɗisai na lanƙwasa musu hanya. Duk sanda aka lanƙwasa su sai su zubar da haske, daga wanda ido ke gani har eksire mai ƙarfi. A 1947 aka fara ganin wannan haske da ido a ɗakin binciken General Electric a Amurka, kuma da farko asara aka ɗauke shi, ƙarfin da injin ke zubarwa a banza. Yau don shi ake gina zoben. Na ESRF a Grenoble ta Faransa kewayensa mita 844 ne, na Diamond a Ingila wajen 562, na SESAME a Jodan 133. Haskensu ya ninka na injin hoton asibiti sau biliyoyi.

Yawan hasken ba shi ne abin da ya fi jan hankalina ba. Bututun na'urar hannu haske yake watsowa a cakuɗe, abin da ya fito shi ke nan. A sinkurotiron ana tace hasken da lu'ulu'un silikon a zaɓi ƙarfi guda, sannan a riƙa matsa shi kaɗan-kaɗan, kamar mai murɗa rediyo yana neman tasha. Kowane sinadari yana da gaɓar da yake fara shan haske sosai, kuma siffar zanen a daidai wannan gaɓa tana canzawa gwargwadon halin da zarrar ke ciki da waɗanda take maƙwabtaka da su.

Kuromiyam ne misalin da ya shafe mu. Masu jima na zamani da kuromiyam mai caji uku, wato wanda zarrarsa ta rasa ilektironi uku, suke aiki. Wannan yakan lafe a ƙasa, ba ya narkewa sosai, gubarsa da sauƙi. Mai caji shida kuwa yana bin ruwa, yana shiga rijiya, kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi a rukunin farko na masu jawo cutar. Ɗaya na iya komawa ɗaya: ma'adinan manganis da ke cikin ƙasa na iya mayar da uku shida, ƙona tarkacen fata ma haka, ruɓaɓɓen taki kuma yana dawo da shida uku. Na'urar hannu da AAS da tukunyar Zariya duk jimilla za su ba ka. Gonaki biyu na iya nuna lamba ɗaya, ɗaya lafiya lau, ɗaya kuma abin tsoro. A sinkurotiron, idan aka ratsa gaɓar kuromiyam da ke wajen ilektironbolt 5,989, mai caji shida yakan fitar da wani siririn tsini a wajen 5,993 wanda mai caji uku kusan ba shi da shi. Tsawon tsinin shi ne kason mai shidan. Haka ake bambanta asenik mai caji uku da mai biyar, wanda ke da muhimmanci a fangalin shinkafa, domin idan ruwa ya kwanta iska ta ƙare, mai biyar na komawa mai uku, shuka kuma ta fi shan sa.

Abu na biyu shi ne taswira. Bakin na'urar hannu milimita uku zuwa takwas yake rufewa. A sinkurotiron ana matse hasken ya koma maikuromita guda ko ƙasa, wanda ya fi gashin kai siranta sau da yawa, a bi yankakkiyar ƙwayar hatsi ɗigo-ɗigo. Da irin wannan aiki aka nuna cewa asenik marar kabon ya fi taruwa a ɓawon shinkafa na waje, wato dusa, kuma ƙarfe da tutiya a hatsi sun fi yawa a ɓawon da ƙwayar tsiro. Mai binciken gero da dawa da ke son sanin abin da surfe ke zubarwa, wannan tambayarsa ce.

Na uku ya fi nisa da gona, amma ɗalibin fiziks ko sinadarai da ke tunanin digirin digirgir ya kamata ya san shi. A gwajin yau da kullum ilektiron ake fizgewa gaba ɗaya a jefar. Idan kana iya zaɓar ƙarfi daidai, za ka iya ɗaga shi kawai daga hawan ciki ka ajiye shi a wani gurbi na molakul ɗin da ba kowa, ba tare da ya fita ba. A iskar naitirojin wannan na faruwa a wajen ilektironbolt 401, a oksijin wajen 531, a kabon ɗin kabon-monoksaid wajen 287. Molakul ɗin na zama a wannan zaburarren hali na 'yan femtodaƙiƙa, wato kashi ɗaya cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa, sannan wani ilektiron daga cikin masu riƙe da haɗin zarrori ya faɗo ya cike gurbin. Hasken da ya fita labarin haɗin kansa yake ɗauke da shi, kuma daga zarrar da ka zaɓa kaɗai. Masu bincike na Jami'ar Uppsala ta Suwidin ƙarƙashin Joseph Nordgren sun yi suna a wannan fanni, musamman a shekarun 1990 a sinkurotiron na Berkeley. Kafin nan, a ƙarshen shekarun 1980 a Brookhaven, an ga wani abin mamaki a iskar metil-kuloraid: molakul na yawo ta kowace fuska, amma ƙyallin da suka fitar ya fito yana kaɗawa ta fuska guda, domin hasken ya zaɓi waɗanda suka daidaita da shi ne kawai, su kuma suka saki nasu kafin su samu damar juyawa. Dalilin da ya sa wannan aiki ke bukatar zoben shi ne, a kabon da naitirojin da oksijin, ƙasa da ɗaya cikin ɗari na zarrorin da aka zaburar ne ke fitar da haske, sauran ilektiron suke tofarwa. Sai da haske mai tsananin yawa za a tara abin aunawa. Wanda wannan ne burinsa ba shi da zaɓi na biyu, sai ya nemi malami a ƙasar da ke da zoben.

Domin a duk faɗin Afirka babu ko ɗaya. An fara taron neman gina na Afirka a Grenoble a Nuwamba 2015, aka yi na biyu a Akara a 2019, har yanzu dai magana ce da tsare-tsare. Afirka ta Kudu ta shiga ESRF a matsayin abokiyar hulɗa tun 2013. Masar mamba ce a SESAME, wanda aka buɗe a Mayu 2017 kuma yana da layin haske da aka keɓe wa irin gwajin da muke magana. A Trieste ta Italiya akwai Elettra, inda hukumar nukiliya ta duniya IAEA ke da hannu a layin XRF, ga kuma cibiyar ICTP a garin da ke horar da masana daga ƙasashe masu tasowa.

Ba a biyan kuɗin hasken idan za a wallafa sakamakon. Takardar neman lokaci ake rubutawa, yawanci sau biyu a shekara ake karɓa, kwamiti ya tantance, idan an dace a ba ka 'yan kwanaki da aka yanka zuwa zango-zango na awa takwas, dare da rana. Tsakanin rubutawa da zuwa watanni ne masu yawa. Jirgi da biza da masauki, ga wanda ƙasarsa ba mamba ba ce, sai ya nemi mai ɗaukar nauyi, kuma shigar da ƙasar noma Turai na bukatar takardar izini ta musamman. Abu na farko da kwamitin zai duba shi ne ko ka riga ka san jimillar sinadarin a samfurinka, da dalilin da ya sa ba za a iya amsa tambayar a gida ba. Takardar da ta ce "muna so mu san ƙarafan da ke ƙasar Wasai" ba za ta wuce ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Hasken ma kansa yana da illa: tsananinsa na iya mayar da kuromiyam shida uku ana cikin awo idan samfurin na da ruɓaɓɓen ganye, shi ya sa ake sanyaya samfur ana kuma sauya wurin da haske ke bugu.

Kuma ga abin da ya kamata mai batun kuromiyam ya ji kafin ya fara neman fasfo. Akwai tsohuwar hanya mai arha ta auna mai caji shida. A dafa ƙasar a ruwan alkali mai ɗumi, a tace, a zuba sinadarin difenilkabazayid, ruwan ya koma shunayya, a auna kalar a nanomita 540 da na'urar da kusan kowane sashen sinadarai ke da ita. Lambobin ƙa'idar a hukumar muhalli ta Amurka 3060A da 7196A ne. Tana da rauninta, domin dafawar kanta na iya ɗan sauya halin kuromiyam, kuma ba za ta faɗa maka da wane ma'adini yake manne ba. Amma idan tambayar ita ce akwai mai shida a wannan fadama ko babu, kuma wajen nawa ne, ta wadatar ga digiri na biyu, ta wadatar ga rahoton da za a kai wa hakimi ko ma'aikatar muhalli. Sakamakonta ne ma zai zama hujjarka idan daga baya ka rubuta wa SESAME ko Elettra.

Wannan ya kawo wata gaɓa da ake tuntuɓe a kanta tun daga gona. Na'urar hannu busasshiyar ƙasa take so. Gwajin caji kuwa, na kwalba ne ko na zobe, ƙasa yake so yadda aka ɗebo ta, domin shanyawa da iska na sauya halin kuromiyam da asenik. Don haka a raba kowane samfur gida biyu a nan bakin fangali. Rabi a shanya. Rabin a ɗaure shi da danshinsa a roba ko gilashi, ba a gwangwanin ƙarfe ba, a sa a cikin kula mai ƙanƙara, a riƙe shi a sanyin digiri 4. Ƙa'idar 3060A ta ba da kwana 30 kafin a dafa shi. Wanda zai ɗebo daga ƙauyen da ba wuta, sai ya shirya ƙanƙararsa da motar komawa gari tun kafin ya fita, ya kuma tabbatar ɗakin gwajin ya san ranar zuwansa.